Wasali Ɗaya

Matakalar dutse dubu biyu da 'yan kai
ke tsakanin titin mota da gidan Jasmaya.
Shekara tara ina hawan tsaunukan Lamjung,
ban taɓa ƙirga su lissafi ya zo ɗaya ba.
A bayana jakar ƙungiya:
maganin hawan jini, tabarau uku,
ambulan na kuɗin wata,
da littafin sa hannu, wanda rabinsa dangwalen yatsa ne.

Nakan fara biyawa ta wajen Lalkaji, tsohon kofur,
ƙafa ɗaya tasa, ɗaya ta ƙungiya.
Ya ce ta robar ba ta da fitina,
wadda aka bari a filin daga ce ke hana shi barci.
Ya sara mini, na sara masa,
ya turo mini shayi mai gishiri.

Jasmaya na tarar tana sheƙar tamba,
farin tsauni tsaye a bayanta kamar mai gadi.
Na ce, albishirinki, kwamiti ya amince,
za a sauya miki rufi kafin ruwa ya sauka.

Ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, rufin nan yana yoyo tun ina da haƙora,
na san inda kowace tasa take zama.
Jikana ya sauka gari,
ya karanta dutsen da kuka kafa wa waɗanda ba su dawo ba.
Kun rubuta Dalman.
Dalman na ƙetaren kogi ne,
ya dawo da ƙafarsa, ya ga jikoki, ya mutu a gadonsa.
Nawa Dilman ne.
Wata bakwai muka yi, aka busa musu ƙaho.
Abin da ya dawo mini akwatin ƙarfe ne,
da wuƙarsa mai lanƙwasa,
da takardar da malamin makaranta ya karanta sau biyu.
Ban ga gawa ba, ban ga toka ba.
Dutsen nan shi ke nan inda yake kwance,
shi ma kun kwantar da wani.

Na buɗe littafi.
Akwai gurbin rufi, akwai gurbin magani,
babu gurbin wasali.

A ofis ma'aji ya ce kuɗin kwano daban, na dutse daban.
Aka ja magana har shayi ya huce.
Khemraj mai sassaƙa ya ɗauki kurfi da guduma,
ya ce ƙari a dutse ba ya da wuya,
ragi ne ke karya hannu.
Bai karɓi ko sisi ba. Ubansa na layi na huɗu.

Ranar tunawa, jikan ya goyo ta cikin kwando
ya sauko da ita matakalar duka.
Tsofaffi suka jeru, lambobi na ƙara a ƙirji,
wasu rigunan sun yi musu yawa.
Aka busa ƙaho, aka yi shiru na minti biyu,
har da yaran da ke sayar da lemo.

Ba ta iya karatu ba.
Aka ɗora yatsanta a wurin,
ta bi tsagar da ta fi sauran fari da kaifi,
ta koma ta sake bi.
Ta rataya furen rawaya, ta ce da dutsen,
ka daɗe a hanya.

Rufin kuwa an yi shi.
Tsofaffin soja shida suka hau da kwano a ka,
Lalkaji na ƙasa yana ba da oda da sanda.
Da na koma cikin damina
na same ta zaune, tasoshi jere a bushe,
tana mitar ɗakin ya yi shiru.
Ta dangwala yatsa a littafi, ta ce in sha shayi.